Nazarin Lamarin Logitech POP: Ƙaramin Rimot ɗin da Kamfaninsa Ya Dakatar Daga Nesa

A watan Agustan 2016 kamfanin Logitech, wanda aka kafa a ƙasar Suwizalan a 1981 kuma aka fi saninsa da ƙera linzamin kwamfuta da allon rubutunta, ya shigo kasuwa da wata ƙaramar na'ura mai suna POP. Madanni ne guda ɗaya tak, mai kusurwa huɗu, faɗinsa kimanin santimita 6, ana manna shi a bango ko a ajiye shi a kan tebur, kuma aikinsa shi ne ya ba mutanen gida damar sarrafa fitilu da lasifika da labule da makullin ƙofa irin waɗanda ke karɓar umarni ta hanyar sadarwa, ba tare da an ɗauki waya ba. Kunshin farko, wato madannai biyu da na'urar da ke haɗa su da sauran kayan gida, an sayar da shi kusan dala 100, ƙarin madanni ɗaya kuma kusan dala 40. Bayan shekara tara, a ranar 15 ga Oktoba 2025, kamfanin ya janye hannunsa daga na'urar, kuma a saƙon da ya aika wa masu ita kimanin mako biyu kafin ranar ya faɗa musu ƙarara cewa madannan da na'urar haɗin za su daina aiki gaba ɗaya. Babu abin da ya lalace a jikinsu, batirinsu bai ƙare ba, fitilun da suke kunnawa kuma suna nan lafiya lau.

Matsalar da madannin ya zo magancewa

Kafin a yi hukunci a kan yadda POP ya ƙare, wajibi ne a yi masa adalci a kan abin da ya zo yi, domin matsalar da ya tunkara ta gaske ce kuma har yau tana nan. Daga 2012, shekarar da ƙwan fitilar Philips Hue ya fito, zuwa 2016, gidaje da dama a Amurka da Turai sun cika da kayayyaki daga kamfanoni daban-daban, kowanne da manhajarsa a waya: fitilun Hue ko LIFX da tasu, lasifikar Sonos da tata, soket ɗin WeMo na kamfanin Belkin da tasa, makullin August ma haka. Wanda ya shigo ɗaki da dare yana son haske sai ya laluba wayarsa, ya buɗe ta, ya nemo manhajar da ta dace, ya jira ta gama lodi, sannan ya taɓa. Aikin da makunnin bango ke yi cikin ƙiftawar ido ya koma hidima mai matakai huɗu ko biyar.

Akwai kuma wata matsala da ta fi wannan ci wa mutane rai. Ƙwan fitila mai karɓar umarni yana buƙatar wuta ta zauna a jikinsa a koyaushe, ko da ba ya haske, domin ƙaramin rediyon da ke cikinsa ya ci gaba da sauraro. Da zarar wani ya kashe makunnin bango kamar yadda ya saba tun yarinta, ƙwan ya yanke daga sauran kayan gida, babu waya ko wani tsari da zai iya tashinsa har sai an je an mayar da makunnin. Saboda haka mai gidan da ya kashe kuɗi ya girka kayan yakan wayi gari yana hana iyalinsa taɓa makunni, wasu ma har sai sun rufe shi da salatif. Wannan ya mayar da hasken ɗaki abin da mutum ɗaya kaɗai ke da iko da shi, wato wanda manhajar ke wayarsa, alhali tsoho da yaro da baƙo da mai aiki duk suna da haƙƙin kunna fitila a ɗakin da suke ciki. Ba da umarni da murya, wanda ya yaɗu bayan fitowar lasifikar Amazon Echo mai karɓar umarni da murya a 2014, bai rufe wannan giɓin ba, domin ba kowa ke son ɗaga murya a ɗakin da wani ke barci ba, kuma sai mutum ya tuna ainihin sunan da aka laƙaba wa kowace fitila, ga shi kuma manhajojin sauraron murya irin su Alexa da Siri harsuna ƙalilan suke ji, Hausa ba ta cikinsu.

A ganina, ƙaramin rimot ko madannin da ake tsara masa aiki shi ne abu mafi amfani a cikin irin wannan gida, duk da cewa shi ne mafi araha kuma mafi ƙarancin kwarjini, saboda shi ne ke mayar da iko hannun kowa da kowa.

Yadda ake tsara shi da hanyar da umarni ke bi

POP yana gane dannawa iri uku: danna sau ɗaya, danna sau biyu a jere, da dannawa a riƙe. A cikin manhajar waya ake ɗora wa kowace dannawa aikinta, kuma aiki ɗaya yana iya haɗa kayayyaki da yawa daga kamfanoni daban-daban. Madannin da ke gefen gado, misali, ana iya tsara shi ta yadda danna ɗaya zai rage hasken ɗaki, danna biyu ya kashe fitilun gidan duka ya kuma kulle ƙofar waje, dannawa a riƙe kuma ta kunna lasifika a kan tashar da aka zaɓa. Na falo yana iya sauke labule, ya dusashe fitila, ya kunna talabijin ta hanyar na'urar Harmony Hub ta kamfanin. Wanda ya danna ba ya buƙatar sanin komai game da wannan tsari. Abin da ya sani kawai shi ne ya danna, abin da yake so ya faru. A 2017 an fitar da wani samfurin da ke aiki da tsarin HomeKit na kamfanin Apple, wanda ya ƙara faɗaɗa kayan da madannin ke iya taɓawa.

Abin lura shi ne hanyar da umarnin ke bi. Rimot ɗin talabijin na gargajiya yana harba wani haske da ido ba ya gani kai tsaye zuwa ga talabijin, babu wani na uku a tsakani, shi ya sa rimot mai shekara ashirin yake aiki muddin an sa masa batir, ko da kamfanin da ya ƙera shi ya daɗe da rufewa. POP ba haka yake ba. Madannin yana kwance ne cikin barci don tattalin batir, idan an danna shi sai ya farka ya aika ɗan gajeren saƙo ta Bluetooth zuwa na'urar haɗin da ke maƙale a soket, ita kuma ta ɗauki saƙon ta Wi-Fi ta isar da shi ga fitila ko lasifika ko makulli. Madannin kansa bai san abin da dannawar ke nufi ba. Ma'anarta tana cikin tsarin da mai gida ya rubuta, shi kuwa wannan tsari, da rajistar na'urar, da izinin shiga kayan sauran kamfanoni, duk an ɗaure su ne da asusun da mutum ya buɗe da Logitech da kuma kwamfutocin kamfanin da ke can nesa. A nan gizo ke saƙar. Mai saye ya ga madanni da na'urar haɗi a cikin kwali ya ɗauka ya mallaki abin duka, alhali akwai kashi na uku da ba ya cikin kwalin, ba ya kuma hannunsa, kuma in babu shi sauran biyun ba su da amfani. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara, kuma wannan kashi na uku aro ne wanda ba a faɗa wa mai saye wa'adinsa ba.

Abin da ya gabata a kamfanin

Abin da ya sami POP ba shi ne na farko ba a tarihin rimot ɗin Logitech. A 2004 kamfanin ya sayi Intrigue Technologies na ƙasar Kanada, masu ƙera rimot ɗin Harmony wanda ake tsara shi ta intanet don ya maye gurbin tarin rimot ɗin falo, kuma shekaru da yawa Harmony ya zama zakara a wannan fanni. A 2011 aka fitar da Harmony Link, wata na'ura da ke mayar da waya ko kwamfutar hannu rimot. A ƙarshen 2017 masu ita suka sami labarin cewa za ta daina aiki a ranar 16 ga Maris 2018, kuma dalilin da kamfanin ya bayar shi ne cewa wata shaidar tsaro ta dijital da na'urar ke dogaro da ita za ta ƙare, ba za a sabunta ta ba. Da farko an yi wa waɗanda garantinsu ya ƙare tayin ragin kashi 35 cikin ɗari a kan sabuwar na'ura. Da ƙorafi ya yi yawa har kafofin labaran fasaha suka ɗauka, sai kamfanin ya sauya magana ya ba duk mai Harmony Link sabuwar Harmony Hub kyauta.

Bayan shekara guda, a Disamba 2018, wani sabuntawa da aka tura wa Harmony Hub ya toshe ƙofar da manhajojin sarrafa kayan gida irin su Home Assistant ke bi su yi magana da na'urar a cikin gida ba tare da intanet ba. Kamfanin ya ce don tsaro ya yi haka, masu amfani suka ce an karya musu tsarin da suka ɓata lokaci suna ginawa, kuma cikin 'yan kwanaki ya amince zai buɗe ƙofar ga wanda ya nema. Harmony Express, wanda ya fito a 2019 a kan dala 250, an dakatar da shi a ƙarshen Satumba 2020, amma an ba masu shi zaɓi tsakanin a mayar musu da kuɗinsu ko a musanya musu da wani rimot. A Afrilu 2021 kuma kamfanin ya sanar da cewa ya daina ƙera rimot ɗin Harmony baki ɗaya.

Idan aka jera waɗannan kusa da abin da aka yi wa masu POP a 2025, bambancin a fili yake. Masu Link sun sami sanarwar watanni da na'ura kyauta, masu Express sun sami kuɗinsu, masu POP kuwa sanarwar kimanin mako biyu suka samu da takardar ragin kashi 15 cikin ɗari a kan wasu kayan kamfanin, kuma babu ko ɗaya cikin waɗannan kayan da ke yin aikin madannin da aka dakatar, tunda kamfanin ya riga ya fice daga wannan sana'a. Mako biyu bai isa mutum ya binciki abin da zai maye gurbi, ya saya, ya sake rubuta tsarin kowane ɗaki ba, balle a gidan da aka girka madannin saboda wani mai larura wanda ba ya iya tashi zuwa makunnin bango.

Uzurin kamfanin da iyakarsa

Ba daidai ba ne a ɗauka cewa babu wani nauyi a kan kamfani. Na'urar da aka sayar sau ɗaya ba tare da kuɗin wata-wata ba tana ci gaba da cin kuɗi kowace shekara: ana biyan kwamfutocin da ke riƙe da asusun mutane, ana biyan injiniyoyin da ke toshe ɓarakar tsaro, ana sabunta manhaja duk lokacin da Android ko iOS suka sauya. POP yana da ƙarin nauyi na musamman, domin darajarsa ta dogara ne a kan kayan wasu kamfanoni, su kuwa ba su zauna wuri ɗaya ba. Google ya fara rufe shirin Works with Nest, wanda ke haɗa kayan gida na kamfaninsa Nest da na wasu kamfanoni, a 2019, kamfanin Insteon ya kashe kwamfutocinsa ba zato ba tsammani a Afrilu 2022 kafin wasu masu amfani da kayansa su saye shi su farfaɗo da shi, Belkin ma ya sanar a 2025 cewa zai janye daga yawancin kayan WeMo. Riƙe na'ura a cikin irin wannan yanayi har shekara tara ba ƙaramin abu ba ne.

Amma wannan uzuri yana bayyana dalilin da ya sa kamfani zai so ya huta ne kawai, bai bayyana dalilin da ya sa dole na'urar ta mutu idan ya huta ba. Wannan na biyun zaɓi ne da aka yi tun ranar da aka zana na'urar, kuma Logitech da kansa ya san wata hanya. Na'urorin sauraron kiɗa na Squeezebox, waɗanda ya gada daga kamfanin Slim Devices da ya saya a 2006, ya daina ƙera su a 2012, ya kuma rufe hidimarsu ta intanet a 2024, amma har yanzu suna aiki a gidajen mutane, saboda manhajar da ke tafiyar da su buɗaɗɗiya ce, kowa yana iya ɗora ta a kwamfutarsa ta gida, kuma masu sha'awa sun karɓe ta suna ci gaba da gyara ta da sunan Lyrion Music Server. Da an buɗe wa na'urar haɗin POP ƙofa irin wannan kafin a janye, ta yadda wata kwamfuta a cikin gida za ta iya jin cewa an danna madanni kaza sau kaza, da kamfanin ya sauke nauyinsa ba tare da ya mayar da lafiyayyun kayan mutane shara ba.

Rimot ɗin da aka gina ta wata hanya

A daidai shekarun da ake sayar da POP akwai wasu ƙananan rimot a kasuwa da suka bi wata hanya dabam, kuma su ne ke nuna cewa dogaro da kwamfutar kamfani ba tilas ba ne. Rimot ɗin Hue Dimmer da ya fito a 2015, da na TRÅDFRI na kamfanin IKEA na ƙasar Suwidin, suna magana ne da Zigbee, wani tsarin rediyo mai cin wuta kaɗan wanda kamfanoni da yawa suka yi tarayya a kansa. Ana iya ɗaura irin wannan rimot kai tsaye da ƙwan fitila har guda goma, ba tare da na'urar haɗi ko waya ko asusu ba. A tsarin IKEA ana kusantar da rimot ɗin ne jikin ƙwan a danne maɓallin haɗi na kimanin daƙiƙa goma, shi ke nan sun san juna. Kayan Zigbee da ke jone da wuta kuma suna miƙa wa juna saƙo, saboda haka umarni yana iya ratsa gida daga ƙwai zuwa ƙwai har ya kai ɗakin da ke nesa. Hue Tap na 2014 ma ko batir ba ya da shi, ƙarfin dannawar yatsa ne ke samar da 'yar wutar da ke aika saƙon.

Ɗaurin kai tsaye yana da iyaka, domin fitila kawai yake sarrafawa, ba ya haɗa fitila da makulli da lasifika a danna ɗaya kamar POP. Wanda ke son wannan sai ya ajiye ƙwaƙwalwar tsarin a cikin gidansa, kuma abin da aka fi amfani da shi shi ne Home Assistant, buɗaɗɗiyar manhajar da Paulus Schoutsen ya fara a 2013, wadda ke gudana a kan ƙaramar kwamfuta irin Raspberry Pi tare da 'yar sandar rediyon Zigbee da ake soka mata. A nan rimot ɗin yana faɗin abin da aka yi masa ne kawai, kwamfutar gida ita ke yanke abin da zai biyo baya, kuma ko kamfanin da ya ƙera rimot ɗin ya rufe gobe, babu abin da zai sauya. Gaskiya ne cewa wannan hanya tana buƙatar haƙuri da ɗan ilimi, kuma nauyin kula da tsarin ya koma kan mai gida, abin da POP ya ɗauke wa mutane ke nan har suka so shi. Tsarin Matter, wanda ƙungiyar Connectivity Standards Alliance ta fitar a Oktoba 2022 tare da Apple da Google da Amazon da Samsung, ƙoƙari ne na haɗa sauƙin da ikon cikin gida, domin an gina shi ne a kan cewa umarni ya bi hanyar sadarwar gida, kuma madanni yana cikin nau'o'in na'urorin da ya tanada.

Akwai gwaji mai sauƙi da ke bambanta rukunin biyu: a cire intanet daga na'urar Wi-Fi a bar ta a kunne, sannan a danna rimot ɗin. Idan fitila ta amsa, umarnin a cikin gida yake yawo. Idan ta yi shiru, to yana fita waje ne kafin ya dawo. Wannan gwaji ya fi muhimmanci a wuraren da intanet ke yankewa ko ake sayensa da data, kamar garuruwan Najeriya da Nijar inda soket da makunni masu aiki da manhajar Tuya ko Smart Life suka fara shiga gidaje, domin a can ba sai kamfani ya janye ba kafin rimot mai dogaro da waje ya yi shiru, ƙarewar data kaɗai ta isa. Mai sayen kayan gwanjo kuma yana cikin ƙarin haɗari, tunda na'urar da aka riga aka dakatar ba ta da wata alama a jiki, kuma tayin ragi ko musanya ba ya zuwa sai ga wanda sunansa ke cikin rajistar kamfani.

Matsayin doka

Lamarin POP ya faɗo ne a lokacin da hukumomi suka fara duba wannan batu, amma ba su kai ga magance shi ba. Tun 2016, lokacin da kamfanin Nest ya kashe Revolv, wata na'urar haɗa kayan gida ta dala 300, har sai da ya mayar wa mutane kuɗinsu bayan ƙorafi, hukumar kare masu saye ta Amurka, FTC, ta nuna damuwa da irin wannan ɗabi'a. A Nuwamba 2024 ma'aikatanta suka binciki kayayyaki 184 masu haɗe da intanet, suka gano cewa kusan kashi 89 cikin ɗari ba su faɗa a shafinsu tsawon lokacin da za a ci gaba da sabunta musu manhaja ba. A Birtaniya wata doka da ta fara aiki ranar 29 ga Afrilu 2024 ta wajabta wa masu ƙera irin waɗannan kaya su bayyana mafi ƙarancin lokacin da za su riƙa tura gyaran tsaro. Wannan ci gaba ne, domin mai saye zai san wa'adin kafin ya biya, sai dai dokar tana magana ne a kan bayyana wa'adin gyaran tsaro, ba ta tilasta wa kamfani ya bar na'urar tana aiki bayan wa'adin ba, ba ta kuma tilasta masa ya buɗe wa mai ita hanyar tafiyar da ita da kansa ba. Ko da an ce an sayar da POP a ƙarƙashin wannan doka tun farko, shekara tara ta wuce wa'adin da yawancin kamfanoni ke ɗauka wa ƙananan kaya irin wannan, saboda haka kamfanin zai iya dakatar da shi a ranar 15 ga Oktoba 2025 ba tare da ya saɓa mata ba.